Abin da Ke Ƙarƙashin Fenti: Tarihin Kare Jikin Jirgi a Kwarar Bagudo

Kogin Kwara yana shigowa Najeriya ne ta jihar Kebbi, bayan ya yi tafiya mai nisa yana raba Jamhuriyar Nijar da ta Benin, ya ratsa tsakanin Gaya da Malanbil. Da ya ƙetaro iyaka, ƙasar Bagudo na cikin wuraren da yake fara shayarwa, ya kuma raba ta biyu: garin Bagudo a wannan ƙetare, Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya a wancan, inda ƙasar Benin take kusa da ƙofar gida. Ko da yake akwai gada a Tuga, mafi yawan ƙauyukan bakin ruwa har yau da jirgi suke zuwa gona da kasuwa, da shi ake kai shinkafa da albasa da kifi, da shi ake kai mai naƙuda asibiti.

A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shiga harkar gyaran waɗannan jirage. Kayan aikin masu fentin mota, wato injin iska da bindigar feshi da gwangwanayen fenti iri-iri, sun zama abin da mai jirgi zai iya haya ko ya saya. Saboda haka tambayar da ake yawan yi ita ce: wace bindiga ce mai kyau, wane fenti ne ya fi sheƙi? Tarihin jirgi a wannan yanki yana nuna cewa akwai tambayoyi biyu da suka riga waɗannan. Ta farko, da me aka yi jikin jirgin kuma a wane hali yake? Ta biyu, mene ne zai fara taɓa wannan jiki? Shafen farko, wanda masu sana'a ke kira faraima, mu kuma za mu kira shi fentin shimfiɗa, shi ne ba a gani idan an gama aiki, shi ne kuma ke yanke hukuncin ko aikin zai shekara ko zai ɓare kafin damina ta fita.

Zamanin gatari da igiya

Tun kafin a san fenti a wannan ƙasa, akwai masu jirgi. Sorko, masunta kuma matuƙan daular Songhai, su ne suka riƙe kogin daga yankin Gawo har zuwa Dandi, kuma daga sunansu ne masana da yawa ke ganin aka samo sunan Sarkawa, masuntan Kabi da suka zama Hausawa. Lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu a farkon ƙarni na 16 ya kafa Surame, ƙarfin Kabi ya dogara ƙwarai a kan ruwa. Labarin baka ya ce Kanta yana da wani babban jirgi da aka lulluɓe jikinsa da jan ƙarfe, mutum hamsin ke tuƙa shi. Ko ma yaya ainihin jirgin yake, labarin ya nuna cewa mutanen da suka riƙe shi sun fahimci abu guda: darajar jirgi tana tare da abin da aka sa tsakanin itace da ruwa.

Jirgin talaka kuwa gungumen itace ne da aka fafe. Maɗaci da kawo da maje da rimi su ne itatuwan da aka fi nema, maɗaci ya fi su daraja saboda jimirinsa a ruwa. Inda babu itace mai tsawon da ake so, sai a yi dabara. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ƙetare Kwara a Sayi a 1853, arewa da Gaya, ya kuma bayyana jiragen fiton da ya gani: gungume biyu ne aka fafe aka ɗinke su a tsakiya, tsawonsu ya kai ƙafa 40. Kafin shi, René Caillié ya bi wani babban jirgi daga Jenne zuwa Kabara, tashar Tambutu, a 1828, ya ga alluna ne aka ɗinke da igiya, aka cusa dakakkiyar ciyawa da laka a kafofin, ga mutane suna ta kwarfar ruwa dare da rana. Shi ma Mungo Park, da ya wuce ta gaban Illo ya je ya halaka a Busa a 1806, jirginsa haɗin gambiza ne da ya harhaɗa daga tsofaffin kwalekwale a Sansandin.

Abin lura a nan shi ne inda hankalin magina jirgi yake. Yana kan ɗinki da kafa. Kowace shekara idan ruwa ya janye ana jawo jirgi tudu, a duba igiya, a cire ruɓaɓɓen cushe a sa sabo, a shafe da mai. A sassan Mali har yau ana haɗa man kaɗe da gawayi da tsumma wajen toshe kafofin manyan jirage. Mai yana shiga cikin itace ya kori ruwa, ba ya kuma ɓoye komai: idan wuri ya ruɓe, ido zai gani, farce zai shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin shekara-shekara na mai jirgi shi ne neman tsagar tun tana ƙarama.

Wannan fito ba ƙaramar harka ba ce. Fataken goro masu zuwa Gwanja suna ƙetare Kwara a wurare irin su Illo da Gaya da Yawuri, da jakunansu da kayansu, gishirin Foga kuma yana gangarowa ta ruwa. Sarakunan bakin kogi suna samun kuɗin shiga daga mashigai, don haka lafiyar jirgi ta shafi baitulmali kamar yadda ta shafi rai.

Ƙarfe ya zo da tsatsarsa

Ƙarshen ƙarni na 19 ya kawo wa wannan yanki iyaka da kuma sabon irin jirgi a lokaci guda. A 1896 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Émile Hourst, ya gangaro daga Tambutu har bakin teku da jirage uku, ɗaya daga ciki, mai suna Davoust, da alminiyom aka ƙera shi. Ya ratsa ruwan Illo a kan hanyarsa ta zuwa Busa. Shekara biyu bayan haka, ranar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa suka sa hannu a Faris kan yarjejeniyar da ta raba Bargu. An auna iyakar daga Giris, tashar jirgin Illo: mil 10 sama da garin, nan layin ya taɓa kogi. Ke nan da kwatar jirgi aka auna iyakar da ta raba Bagudo da Benin ta yau. Yarjejeniyar ta kuma ba Faransa hayar filaye biyu a bakin Kwara cikin yankin Ingila, kuma da wannan dama ce Kyaftin Eugène Lenfant ya hauro da ayarin jiragen dakon kaya a 1901, waɗansu na katako waɗansu na ƙarfe, ya ratsa duwatsun Busa ya kai kaya har Sayi.

Jirgin ƙarfe ya zo da abokin gaba wanda jirgin itace bai sani ba. Ƙarfe idan ya haɗu da ruwa da iska yana komawa asalin ƙasar da aka narko shi daga ciki, abin da muke kira tsatsa. Man kaɗe ba ya tsayar da wannan. Daga nan ne tunanin fenti hawa-hawa ya samo tushe: hawa na farko ya kama jikin ƙarfe ya hana tsatsa, na tsakiya ya ba da kauri, na sama ya tare rana da gugar yashi. A wancan zamani sarkin fentin shimfiɗa shi ne jar dalma da aka kwaɓa da mai, mai launin ruwan lemo. Tana aiki ƙwarai, amma guba ce. Wanda ya san abin da dalma ta yi a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ba ya bukatar dogon bayani a kan haɗarin kankare irin wannan fenti a bakin ruwan da ake sha. Wannan ya shafi mai saye a kan iyaka kai tsaye, domin gwangwanin da ya biyo hanyar Kwatano da Faraku da Kandi da Faransanci yake magana. Kalmar antirouille na nufin mai hana tsatsa, minium kuwa tsohon sunan jar dalma ne, ko da yake yanzu ana sa shi a kan waɗansu fentin da ba su da ita. In an ga kalmar plomb a jerin abin da ke ciki, dalma ce, a bar ta a kanti.

Akwai darasi na biyu da ƙarfe ya koyar, wanda ya koma kan jan ƙarfen Kanta. A 1761 rundunar ruwan Ingila ta lulluɓe ƙasan wani jirgi mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe don hana tsutsar teku cin katako. Dabarar ta yi aiki, sai dai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe da suka taɓa jan ƙarfen sun zagwanye. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwa, wata 'yar wutar lantarki na gudana tsakaninsu, ɗaya ya cinye ɗaya. Wannan ne ya sa har yau ba a shafa fentin da ke ɗauke da jan ƙarfe kai tsaye a jikin jirgin alminiyom.

Allo da ƙusa da inji

Babban sauyin da ya haifi jirgin da muke gani yau a Lolo da Giris ya zo ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. An kammala madatsar Kainji a 1968, tafkinta ya miƙo har Yawuri, kamun kifi da dakon kaya suka bunƙasa, aka kafa cibiyoyin binciken kifi a Sabuwar Busa. A daidai lokacin kuma manyan itatuwa na ƙarewa. Gungumen maɗacin da zai ba da jirgi mai ƙafa 40 ya zama abin labari, har ta kai a 2022 taron ƙasashen yarjejeniyar CITES ya sa maɗaci da kawo cikin jerin itatuwan da ake sa ido kan fataucinsu tsakanin ƙasashe. Magina jirgi suka koma ga allon da aka yanko a injin katako, a jera, a buga da ƙusa, a toshe kafa da auduga ko tsumma da kwalta, a liƙa gwangwani inda ya tsage. Sannan aka ɗaura inji a baya, Yamaha ko ɗan'uwansa.

Wannan jirgi ya fi na da girma da sauri da ɗaukar kaya, amma raunukansa sun fi yawa. Kowace ƙusa ƙofa ce ta ruwa, tana tsatsa tana ɓata itacen da ke kewaye da ita. Girgizar inji tana sassauta haɗi. Sau da yawa allon ɗanye ne, kuma daga itace mara ƙwari. Ga shi kuma ruwan kogi ya fi na teku ruɓar da katako, domin gishiri yana rage ƙarfin ƙwayoyin fumfuna da ke cin itace. Waɗannan ƙwayoyi suna bukatar laima da iska tare, don haka allon da ke nutse kullum ya fi daɗewa a kan wanda ke daidai bakin ruwa, yana jiƙa yana bushewa, ko wanda ke ƙarƙashin dandamali inda ruwan sama ke kwanciya.

A wannan zamani ne fentin gwangwani ya shigo, kuma ta ƙofar ado ya shigo. Shuɗi da kore da ja, da sunan mai jirgi, da addu'a ko kirari a gefe. Ƙasan jirgi aka bar wa kwalta da baƙin man inji. Fentin da ake samu a kasuwa na ƙofa da taga ne, ana shafa shi kai tsaye a kan allo ba shimfiɗa. Idan laima ta shiga ta bayansa sai ya zama kamar leda a kan gyambo: ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita, itace na ruɓewa a ciki, waje na sheƙi.

Bukatar jirage kuwa ƙaruwa take duk lokacin da siyasa ta rufe hanyar tudu. An gani bayan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agusta 2019, an kuma gani ƙarara bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, lokacin da aka toshe gadar Malanbil zuwa Gaya, mutane da kaya suka koma kwalekwale. A irin wannan yanayi tsohon jirgin da aka yasar yakan sami sabon fenti ya koma aiki.

Shimfiɗa tana bin jiki

Yau jiki iri huɗu ne ke yawo a Kwara, kowanne da shimfiɗarsa.

Jirgin allo yana kumbura yana tsukewa da yanayi, don haka yana son shimfiɗar mai, wadda ke shiga itace ta kuma yi laushi tare da shi. Ana tsinka hawa na farko da tina kaɗan don ya tsotsu, sannan a bi da hawa biyu cikakku. Sharaɗin farko shi ne bushewa: fumfuna na samun wurin zama idan laimar itace ta haura kashi 20 cikin 100, masu sana'a kuma ba sa son shafa fenti sai ta sauko wajen kashi 15. Itace mai maiƙo irin loko ana goge shi da tina kafin a shafa. Jirgin da ya sha kwalta ko baƙin mai kuwa, fentin mai ba zai kama shi ba, kwaltar za ta ɓullo ta ɓata launi. Ko dai a ci gaba da fentin kwalta a wannan sashe, ko a kankare har a kai ga tsabtataccen itace. Ifoksi, fentin nan mai gwangwani biyu da ake haɗawa, yana da kyau a kan filawud, amma a kan jerin alluna masu motsi yakan tsage ya riƙe ruwa a ciki.

Jirgin baƙin ƙarfe, kamar kwatankwacin fiton mota da manyan jiragen yashi, duk sirrinsa na wajen kankara. Fenti a kan tsatsa asarar kuɗi ne. Hanya mafi kyau ita ce a feshe jikin da yashi mai ƙarfi har ƙarfe ya fito fari-fari, in babu hali a yi da injin guga da buroshin waya, a kuma shafa shimfiɗa a ranar, cikin 'yan sa'o'i, kafin sabuwar tsatsa ta hau. Jan fentin nan da maƙera ƙofa ke amfani da shi ya isa ga abin da ke saman ruwa. Abin da ke nutse yana son ifoksi, in da hali mai ɗauke da zinki, wanda ke ba da kansa ya zagwanye a madadin ƙarfen.

Alminiyom yana da wata siririyar fata da yake yi wa kansa, wadda fenti ba ya kamawa. Sai an goge ta da samfefa an sa shimfiɗa ta musamman mai ɗan cin jikin ƙarfe, ko ifoksin da aka yi dominsa.

Jirgin faiba, wanda hukumomi ke ta kira a koma gare shi, ba ya tsatsa ba ya ruɓewa, amma ruwa na iya ratsa fatarsa a hankali ya tayar da ƙuraje. Ana wanke maiƙon jikinsa tukuna, sannan a goge, sannan a sa ifoksi hawa-hawa a sashen da ke cikin ruwa.

Doka ɗaya ta haɗa su duka: fentin gwangwani biyu ba ya hawa kan tsohon fentin gwangwani ɗaya, domin ƙarfin tinarsa zai tayar da na ƙasa ya yamutse. Gwajin mai sauƙi ne. A jiƙa tsumma da tina mai ƙarfi a ɗora a kan tsohon fentin na 'yan mintoci. In ya yi laushi, na gwangwani ɗaya ne.

Sai batun fentin hana dattin teku, wanda ɗan kasuwa zai iya tallata wa mai jirgi da sunan fentin jirgin ruwa na asali. An yi shi ne don kashe halittun da ke manne wa jirgi a ruwan gishiri, guba yake saki a hankali. Wani irinsa mai sinadarin TBT ya yi ɓarnar da ta sa hukumar jiragen ruwa ta duniya ta haramta shi da yarjejeniyar 2001, wadda ta fara aiki a 2008. Kwarar Bagudo ba ta da waɗannan halittu na teku, tana da kifin da mutane ke ci.

Bindigar feshi da inda ta fito

Feshin fenti ɗan Amurka ne, kuma a cikin gini aka haife shi. A 1887 Joseph Binks, mai kula da gyare-gyare a wani babban kanti a Shikago, ya haɗa famfo da bututu don fesa farar ƙasa a ɗakunan ƙarƙashin ginin. A Toledo ta jihar Ohayo wani likita, Allen DeVilbiss, ya ƙera abin fesa magani a maƙogwaro, ɗansa Thomas kuma ya juya dabarar ta zama bindigar fenti a 1907. Masana'antar mota ce ta rungume ta a shekarun 1920, domin ta rage kwanakin da ake ɓatawa wajen fenti. Wannan asali yana da muhimmanci: an ƙera kayan ne don fili mai santsi, a rufaffen ɗaki, inda babu ƙura babu iska.

Iri uku ne mai jirgi zai iya cin karo da su. Tsohuwar bindiga mai matsin iska sosai tana ba da sheƙi, amma fiye da rabin fentin yakan bi iska. Ta biyu, wadda ake rubuta wa HVLP, tana aiki da iska mai yawa a matsi kaɗan, tana kai wajen kashi 65 cikin 100 na fentin jikin abin da ake fesawa, sai dai tana shan iska, lita 300 zuwa 400 a minti guda. Ƙaramin injin mai facin taya ba zai ciyar da ita ba, matsi zai riƙa faɗuwa, fenti ya fito gudaji-gudaji. Ta uku ba ta amfani da iska, famfo ne ke tura fentin da matsanancin ƙarfi ta ƙaramin rami. Ita ce ta dace da fenti mai kauri a kan babban jirgin ƙarfe, kuma ƙarfinta na iya huda fata ya cusa fenti cikin tsoka, raunin da ke bukatar asibiti nan take.

Bakin bindiga ma yana bin kaurin fenti: milimita 1.8 zuwa 2.2 ga shimfiɗa, 1.3 zuwa 1.4 ga hawa na sama. Dole a sa matacin ruwa a bututun iska, domin injin yana tara raɓa a tankinsa, ɗigo ɗaya kuma ya isa ya ɓata wuri. Ana riƙe bindiga kamar taƙi guda daga jikin jirgi, kowane zubi ya hau rabin na baya.

Duk da haka, a kan jirgin allo, wanda shi ne mafi yawa a Bagudo, buroshi ya fi bindiga wajen hawa na farko. Feshi yana sauka ne a saman itace, buroshi kuwa yana cusa fenti cikin jijiyar itace da kan ƙusa da bakin haɗi, wuraren da ruwa ke nema. Mai buroshi kuma hannunsa yana bin kowane allo, in akwai wuri mai laushi zai ji. Bindiga ta cancanci kuɗinta a kan ƙarfe da faiba, ko a hawa na sama, in an sami rumfa da shamaki. Akwai kuma batun huhu. Fentin sheƙi mai gwangwani biyu, irin na mota, yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma ta dindindin idan an shaƙi feshinsa, kuma ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Wanda ba shi da takunkumi mai jawo iska daga waje ya shafa shi da rola.

Kogi ne ke ba da lokaci

Kwara a wannan yanki ambaliya biyu take yi a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, mai laka, daga ruwan saman da ya sauka a kusa. Baƙin ruwa yana isowa cikin hunturu, bayan ya yi watanni yana tafiya daga tsaunukan Gini ta fadamun Mali. Ruwa yana kaiwa ƙarshen janyewa ne a bazara. Kowane lokaci da matsalarsa ga mai fenti: damina itace ba ya bushewa, hunturu ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti ga shi jirgi na tsakiyar aiki, bazara kuwa zafi yana haura digiri 40, feshi ya bushe a iska kafin ya isa jikin jirgi. Mafita ita ce wadda magabata suka bi: a jawo jirgi tudu idan ruwa ya janye, a kife shi a inuwa ya yi makonni yana bushewa, a yi aiki da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, ko da la'asar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a buɗe gwangwani

Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ya dare a ruwa kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ƙasa da Yawuri. Fiye da mutum 100 aka yi fargabar sun halaka, kuma jami'ai sun ɗora laifin a kan lodi fiye da kima da tsufan jirgin. Tun daga lokacin an ƙara magana a kan rigar ruwa da hana tafiyar dare da ƙayyade fasinja, hukumar NIWA da aka kafa a 1997 kuma ita ke da alhakin rajista da duba jirage. Duk waɗannan daidai ne. Abin da ya kamata a ƙara shi ne lokacin dubawa. Jirgin da aka gama fesawa ba ya gaya wa mai dubawa komai. Ranar da ya kamata Sarkin Ruwa ko shugaban ƙungiyar masu jirgi ko jami'in hukuma ya zo ita ce ranar da aka kankare tsohon fenti, allo na tsirara, a bi shi da tsinken ƙarfe ana sokawa, a canza abin da ya yi laushi, a zare ƙusar da ta ci, sannan a ba da izinin shafa shimfiɗa.

Ga mai karatu da ke da hannu a sayen jirage ko ba da kwangilar gyaransu, a ƙaramar hukuma ko ƙungiyar agaji ko haɗin gwiwar manoma, takardar aiki ta faɗi irin jikin jirgin, da yadda za a kankare shi, da sunan shimfiɗar da adadin hawanta, a kuma biya wani kaso na kuɗin a matakin da aka ga shimfiɗa da ido kafin launi ya rufe ta. Launin da za a sa a sama, shuɗi ko kore, wannan a bar wa mai jirgi ya zaɓa.